Ranar da Dorcas Airey Ta Miƙe

Mahin Capstick ta rasu ranar Juma'a da hantsi a gidanta, ranar Asabar kuma mijinta Leonard ya zo ya same ni a kicin ina fere dankali. Ni ce magatakardar taron ibadarmu na Abokai a Hawbeck, mu da mutanen gari ke kira 'yan Kweka. Shekara tara ke nan ina riƙe da aikin, ba don na fi kowa iyawa ba, sai don ranar da ake neman wanda za a ɗora wa ban zo ba. Leonard ya cire hula ya zauna, na zuba masa shayi, muka yi shiru kusan minti goma. A wajenmu wannan gaisuwa ce.

"Thelma," ya ce, "akwai addu'a."

"Wace addu'a?"

"Tasu, ta mamaci. Ƙaninta Farhang zai zo daga Bradford ya karanta. Ta ce a ɗakin taronmu take so a yi, kuma a kai ta har ƙarshe. Na ce mata to."

"Tsawonta fa?"

Ya ciro wata takarda daga aljihu ya nisanta ta da idonsa. "Akwai mabuɗi. Sai layi shida, kowanne a maimaita shi sau goma sha tara." Tsohon makiyayin tumaki ne, ya riga ya haɗa. "Ɗari da goma sha huɗu ke nan."

Na ajiye wuƙar.

Mahin 'yar addinin Baha'i ce, haihuwar garin Yazd. Ta zo ƙasar nan tana budurwa lokacin da zama ya gagari mutanenta a can, ta yi aiki a kantin magani, ta auri Leonard, shi kuma ya kawo ta taro Lahadin farko saboda bai san inda zai bar ta ba. Shekara talatin da ɗaya tana zuwa. Ba ta taɓa zama mamba ba, don addininta bai yarda mutum ya sa sunansa a rajistar wani addini ba. Duk bayan 'yan shekaru sai sabon kwamiti ya je gidanta ya tambaye ta cikin ladabi, ta cika su da ƙanzon shinkafa, ta ce a'a cikin ladabi. Wannan bai hana mu ɗora mata makullin ɗaki da wankin kofuna da duba marasa lafiya ba. Ko a watan Maris da take azuminta ita ke dafa mana shayi, mu sha a gabanta muna ba ta haƙuri.

Ba bambancin imani ne matsalar ba. Mu ashirin da uku ne a Hawbeck, in ka tambaye mu wane ne Allah za ka tashi da amsa ashirin da shida, don akwai masu biyu. Enid Sunter da Yesu take hira, kuma ta ce yana amsa mata. Colin Raw yana cire takalmi ya naɗe ƙafa irin zaman 'yan Buddha, gwiwarsa na ƙara. Gareth Pugh, tsohon malamin kimiyya, ya ce babu kowa a can sama, amma bai taɓa fashin Lahadi ba. Mahin kan ce duk addinai daga rijiya ɗaya aka ɗebo su, Gareth ya ce babu rijiyar, kuma su biyun ne a kan kofuna, ita wanki shi guga.

Ɗakin ne matsalar. Ya haura shekara ɗari uku, kuma abin da ake yi a cikinsa shi ne a zauna shiru awa ɗaya. Wanda wani abu ya taso masa a zuci sai ya miƙe ya faɗa a taƙaice, ya koma ya zauna. Ana iya karanta layi biyu daga littafi, ba a hana ba. Amma a ɗauko addu'ar da aka tsara tun tuni a yi ta maimaitawa, ai a kan ƙin yin haka kakanninmu suka sha ɗauri, kuma ba ma gajiya da tuna wa juna.

Sannan ga Dorcas Airey. Shekarunta tamanin da huɗu, ita ce babbar dattijuwar taro, tana dogara sanda saboda ciwon ƙugu. Ba wanda ya san abin da ta yi imani da shi, don a ganinta tambayar rashin tarbiyya ce. Cikin aikin dattawa akwai wanda ba a son a kai gare shi: in mai magana ya zarce, ba a katse shi, sai dattijo ya miƙe tsaye ya yi shiru yana fuskantarsa. Duk ɗan Kweka ya san ma'anar, sai ya haɗiye sauran maganarsa ya zauna. Sau biyu Dorcas ta taɓa yi. Na farko wani baƙo ne da ya yi minti ashirin a kan kiwon zuma. Na biyu mijinta ne.

Ranar Lahadi bayan ibada na buɗe zaman shawara, na karanta buƙatar Leonard. Yana zaune a bencinsa, hula a gwiwa.

Gareth ya fara miƙewa. "Magatakarda, ni dai na auna. 'Yan Baha'i sun ce ƙafafunta su fuskanci garinsu mai tsarki a Akka. Na je maƙabarta da kamfas mai nuna gabas da yamma, filin da ke jikin katangar kudu ya yi daidai, sai an ɗan karkata shi kaɗan."

"Kai da ka ce ba kowa a can," in ji Enid.

"Garin dai yana nan, Enid, yana cikin taswira."

"Ni addu'ar ba ta dame ni ba. Na tambayi Yesu, shi ma ba ta dame shi ba."

"Ki gaishe shi," in ji Gareth.

Na tuna musu cewa da ni ake magana, ba da juna ba. Colin ya miƙe ya yi bayani a kan amfanin maimaita kalma ga numfashi, abin da ba wanda ya tambaye shi. Sai muka ji sandar Dorcas ta taɓa ƙasa.

"Magatakarda," ta ce, "ba wanda zai gaya mini wace ce Mahin. Ita ta wanke ni lokacin da aka yi mini aiki, 'ya'yana suna Landan suna aiko furanni. Amma ku dubi ɗakin nan. Ba mu da gicciye, ba mu da limami, ba mu da waƙa, ko labule ba mu da shi. Shirun nan kaɗai ne namu. In yau muka ba da shi aro saboda muna son mutum, gobe me za mu ce wa wanda ba ma so? A yi musu addu'arsu a bakin kabari, ni ma zan tsaya."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa abin ya ba ni haushi. Can Leonard ya miƙe, mutumin da rabonsa da magana a taro tun shekarar da ciwon kofato ya kashe masa tumaki.

"A ɗakin ta ce," ya ce, ya zauna.

Ba ma jefa ƙuri'a. Ana zama ne har magatakarda ta rubuta abin da kowa zai iya zama da shi, in kuwa ba a samu ba, ba a yi komai ba ke nan. Awa biyu muka yi, miyar da Enid ta kawo ta huce a tukunya. Na rubuta na soke har sau huɗu. A ƙarshe na karanta musu wannan: "Mun amince a binne Mahin Capstick a maƙabartarmu. Ƙaninta yana da damar magana a taron jana'izarta kamar yadda kowa yake da ita." Na sani sarai na zagaye maganar ne, ban taɓa ta ba.

"Wannan ya yi?" na tambaya.

"Muna fata," suka ce. Mu ba ma cewa e, iyakarmu ke nan.

Dorcas ba ta ce tana fata ba. "Kowa yana da damar magana," ta ce, "dattawa kuma suna da damar miƙewa." Ta nemi a miƙo mata jakarta.

Gareth ne ke ɗauko Dorcas a mota duk Lahadi. Ranar Talata ya same mu ni da Leonard muna jera bencuna, ya rage murya.

"Motata fa tana iya ƙin tashi ranar Alhamis, ranar jana'izar."

"Haba Gareth, ƙarya ke nan," na ce.

"Ba ƙarya ba ce in na cire batirin."

Ban ce masa kada ya yi ba, kuma har yau ina jin kunyar haka. Leonard ne ya girgiza kai.

"Ka ɗauko ta. Ba za a binne Mahin babu Dorcas a wurin ba."

"In ta miƙe fa?"

"To ta miƙe."

Ya ci gaba da jan benci. Kamata ya yi in buga wa Farhang waya in gaya masa abin da ke jiransa. Sau uku na ɗauki wayar. Ta yaya za ka ce wa mutum ya zo jana'izar yayarsa amma akwai tsohuwar da za ta iya rufe masa baki a tsakiya? Na ajiye, na ce gobe, har goben ta ƙare.

Ranar Alhamis aka tashi da yayyafi. Aka ajiye akwatin a tsakiyar ɗaki inda tebur yake zama. Mun kai mutum sittin, har da maƙwabta da tsofaffin abokan cinikinta na kantin magani. 'Yan Baha'i su tara ne, suka zauna a benci biyu kusa da ƙofa, sun yi kwalliya fiye da mu duka. Na yi bayanin da aka saba yi wa baƙi, cewa za a zauna shiru, wanda ya ji zai yi magana ya yi. Aka yi minti ashirin ba abin da kake ji sai ruwa a kan rufi da gwiwar Colin. Enid ta faɗi 'yan kalmomi. Gareth ya miƙe ya ce Mahin ba ta taɓa ƙoƙarin gyara shi ba, sai dai ta dawo masa da kofi in bai goge da kyau ba.

Sai Farhang ya miƙe, ɗan gajeren mutum mai sanƙo, da ƙaramin littafi a hannu. Yana miƙewa sauran takwas ɗin suka miƙe gaba ɗaya.

Mutum takwas a tsaye, shiru, suna fuskantar mai magana, kuma mutanensa ne. Colin ya matso kunnena.

"Tun bai buɗe baki ba?"

Farhang ko kallonsu bai yi ba. Ya fara karantawa da harshenmu, a hankali, murya ba hawa ba sauka. Sai da ya gama mabuɗin ya shiga layin farko sannan muka gane su a wajensu tsayuwar cikin addu'ar take. Mu dai muna zaune, don ba wanda ya ce mana komai, kuma ba a kawo batun a zaman shawara ba. Ya maimaita layin farko sau goma sha tara. Na dubi ɗakin na ga yatsun Abokai suna motsi a ƙarƙashin riguna, kowa na ƙirgawa a ɓoye. Ya shiga na biyu. Ban yarda na dubi inda Dorcas take ba. Leonard ya kafa ido a kan akwatin, wuyansa ya yi ja.

Yana na bakwai a layi na uku muka ji sandar.

Miƙewar Dorcas ba abu ne na lokaci ɗaya ba. Sai ta matso bakin benci, ta kafa sanda, ta tsaya a rabi ta huta, sannan ta ƙarasa. Duk muna kallo har ta miƙe, ta juya ta fuskanci Farhang, fuskar nan ba alamar wasa.

Farhang ya ɗago kai. Abin da ya gani shi ne mafi tsufa a ɗakin, mai ciwon ƙugu, ta tashi da kyar ta tsaya wa yayarsa. Ya ɗora hannu a ƙirji ya sunkuyar mata da kai, ya ci gaba da ƙarfi fiye da da. Matan da ke bayansa suka fara share hawaye.

Wannan bai taɓa faruwa da Dorcas ba. Ta buga sandar a ƙasa sau ɗaya. Sai wata dattijuwa daga cikin 'yan Baha'in ta ratso tsakiyar ɗaki, ta zagaye akwatin, ta zo ta riƙe mata hannu don kada ta faɗi.

Akwai mataki na gaba, kuma mu duka mun san shi. In miƙewa ba ta yi aiki ba, dattijo yana buɗe baki ya ce, Aboki, an ji ka. Bayan wannan ba mai ci gaba, ko baƙo ne zai gane. Na ga Dorcas ta ja numfashi, ta buɗe baki. Na rufe idona, don ba na son in ga fuskar Leonard.

Sai na ji benci ya yi ƙara. Na buɗe ido na ga Leonard a tsaye. Bai dubi Farhang ba, bai dubi Dorcas ba, ya dai tsaya da hularsa a hannu yana fuskantar matarsa. Gareth ya miƙe. Enid ta miƙe. Colin ya miƙe da ƙafa ɗaya, ɗayar ta sage masa. Maƙwabta suka ga ana tashi suka tashi. Ni ce kusan ta ƙarshe, don na ɓata lokaci ina tunanin ko ya halatta ga magatakarda. Kafin a gama layi na uku ba kowa a zaune.

Dorcas ta rufe bakinta. Mutum sittin a tsaye, ba yadda za a yi a gane wanda ya tashi don a daina da wanda ya tashi don a ci gaba. Hanya ɗaya ta rage mata ta nuna ba ta yarda ba, ita ce ta koma ta zauna, kuma bencin yana nan a bayan gwiwarta. Na ga ta waiwaya ta dube shi. Ba ta zauna ba.

Aka yi layi na huɗu, aka yi na biyar. Gumi ya tsattsafo mata a goshi duk da sanyin ɗakin, matar nan kuma ta ƙara riƙe ta. Ni na daina ƙirgawa a wani wuri da ban sani ba. Kalmomin suka daina zama kalmomi a kunnena, na tsinci kaina ina kuka, abin da ban yi ba ko a jana'izar mahaifiyata. Farhang ya kai ƙarshen na shida, ya rufe littafin. Muka zauna. Shirun da ya biyo baya na minti goma ne, kuma ban ji ya ragu da komai ba. Da lokaci ya yi Dorcas ta miƙa wa na kusa da ita hannu don rufe taro, yadda dattawa ke yi, na kusa da itan kuwa matar nan ce.

Muka fita da Mahin cikin yayyafi muka sa ta a kabarinta mai ɗan karkata a jikin katanga. Da mutane suka fara komawa ciki neman shayi, Farhang ya zo inda Dorcas take tsaye da ni da Leonard, ya kama hannunta da hannu biyu.

"Mama, ba ni da bakin gode miki. A wajenmu duk wanda ke wurin ya kamata ya tsaya. Amma Yaya ta ja mini kunne tun tana da rai, ta ce kada in kuskura in ce muku ku tashi, wai in na faɗa kwamiti za ku kafa. Na zo da niyyar mu tara ne za mu tsaya mata. Sai ga ki."

Na yi wa Dorcas ido. Ko ɗan ƙaramin shiru ya isa ya rufe maganar, kuma shiru ne sana'armu. Amma shekara tamanin da huɗu ba ta taɓa barin mutum ya tafi da abin da ba haka yake ba, ba kuma ranar za ta fara ba.

"Sunana Dorcas," ta ce. "Kuma na tashi ne don in tsayar da kai. A nan ma'anarsa ke nan. Ka yi tsawo."

Farhang ya sake hannunta a hankali. Ya dube ni, ni kuma na dubi takalmina.

"Na sani," in ji Leonard. "Abin da ban sani ba, me ya hana ki zama."

Dorcas ta gyara riƙon sandarta. Ruwa na ɗiga daga bakin hularta.

"Na juya zan zauna sai na ga wurin Mahin. Ai kusa da ni take zama. Ku ba kwa gani, ni nake gani. Duk Lahadi leɓɓanta na motsi, daga farkon awa har ƙarshe, ba sauti. Addu'o'inta ne cike da bakinta, ko sau ɗaya ba ta bari ɗaya ta fito ta dame mu ba. Ban taɓa tambayarta me take cewa ba." Ta dubi Farhang. "Har yanzu ban yarda a yi haka a ɗakin nan ba, kuma zan faɗa a zama na gaba. Amma yau ne kaɗai na ji muryar abin."

Leonard, wanda tun ranar Juma'a ban ga ɗigon hawaye a idonsa ba, ya juya ya dafa katangar da hannu biyu, kafaɗunsa suka fara rawa. Ya daɗe a haka. Dorcas ta tsaya kusa da shi a cikin ruwan, a kan ƙugun nan nata, ba ta ce masa ya isa ba.